Awaki Uku na Matar Benson

A Nasarawa ta Kaduna, in ka tambayi gidan Benson Bobai sai a yi ta kallonka. Ka ce gidan Bulgariya mai gyaran injin niƙa, nan take za a nuna maka lungun. Sunan ya bi shi shekara talatin da wani abu, kuma shi ya jawo wa kansa, domin a da ba ya magana uku bai ce "a can Bulgariya" ba.

Mutumin Zonkwa ne. Ya shigo Kaduna yana ɗan shekara goma sha tara, ya samu aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri, zamanin da in aka tashi daga aiki kekuna kan cika titi har mota ta rasa hanya. Hannunsa na da kyau a kan inji. A 1983 aka sa sunansa cikin waɗanda za a tura koyon gyaran injin saƙa, aka kai shi wani gari mai suna Sliven a ƙasar Bulgariya. Inji aka tura shi koyo. Bayan shekara biyar ya dawo da sanin injin, ya haɗo da mata da abin busa.

Matar ita ce Donka, ma'aikaciya a masaƙar da ya yi koyo. Ubanta, tsoho Petko, makiyayi ne, kuma shi ne mabushin ƙauyensu. Abin da yake busawa sunansa gaida. Fatar akuya ce sukutum, kamar salkar ruwa, an juya gashin ciki. A wuya ake ɗaura sarewa mai ramuka, a ɗaya ƙafar gaba bututun hura iska, a ɗayar kuma wani dogon bututu mai gurnani da ba ya yin shiru. Mabushi ya hura, ya matse fatar a hammata, sauti ya yi ta fita ba yankewa, ko da ya tsaya shan iska.

Ranar Lahadi mutanen ƙauyen kan fito fili su yi rawar da suke kira horo. Maza da mata a layi guda, kowa ya riƙe ɗamarar na kusa da shi, na gaba yana kaɗa hankici. Ranar da Donka ta fara jan Benson cikin layin, sai da ya taka ƙafar mutum huɗu. Ɗan ƙabilar Bajju, wanda aka haifa cikin kiɗa, ya kasa bin kiɗa! Abin ya ci masa rai. Kiɗan ne ɗingishi yake yi: gajere, gajere, dogo. Sai wata rana a wurin aiki ya ji wani tsohon inji da ƙugiyarsa ta cinye yana bugawa haka nan, gajere, gajere, dogo. Ya ƙi gyara injin har aka tashi, yana tsaye yana taka ƙafa. Lahadin da ta biyo bai taka kowa ba.

Da maganar aure ta taso, Petko bai ce komai a kan launin fata ko nisan ƙasa ba. Abu ɗaya ya ce: 'yarsa ba za ta zauna inda babu gaida ba. Hunturu uku Benson ya yi yana koyo a ɗakin tumaki, har tsohon ya miƙa masa tasa ta gado ranar da za su taso.

Donka ta zauna a Kaduna kamar an haife ta a Kakuri. A kasuwa ta koyi Hausa, saboda haka Hausarta akwai yaji. Ta haifi 'ya ɗaya, Patience. Abin da ta kasa haƙura da shi kawai shi ne cuku da kindirmon garinsu, don haka ta kafa turke a bayan gida ta shiga kiwon awaki. Duk Kirsimeti takan buɗe akwati ta fito da farar rigarta mai jan ɗinkin hannu a wuya da bakin hannaye, da zanen gaba mai ratsi, da ɗamara mai kan azurfa. Benson ya busa, ita kuma ta ja matan zumunta a layi, su zagaye filin coci suna tuntsura dariya. Makaɗan coci suna ce wa kiɗan "mai ɗingishi", amma ba su taɓa bari ya wuce su ba.

Sai masaƙu suka fara rufewa, ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da tasu ta rufe, fatar gaidar ta bushe ta tsage. Benson ya kwance bututun ya naɗe a tsumma, ya cusa ƙarƙashin gado, ya koma gyaran injin niƙa da janareta a bakin titi. Donka ta ce ya gyara, ya ce gobe. Kirsimeti ta zo, ta sake faɗa, ya ce gobe. Gaskiyar magana, ba ya son jin sautin da ke tuna masa lokacin da yake wani abu. Haka ya yi ta jan goben nan shekara goma sha bakwai, har ta daina tambaya, rigar ma ta daina fitowa daga akwati.

A daminar bana ne Donka ta faɗi a gindin turke, da ƙwaryar tatsa a hannu. Shanyewar ɓarin jiki. Sati uku a asibiti, aka sallamo ta da robar abinci a hanci. Ta fizge robar. Aka mayar, ta sake fizgewa, har jini ya fito, likita ya ce ba zai ƙara sawa ba. Ba ta magana, ba Hausa, ba Turanci, ba yaren garinsu. In Benson ya matso takan dube shi kamar mai karatun mitar lantarki ya shigo ɗaki ba sallama. Ta datse haƙora. Ruwa kawai ke shiga, cokali biyu, cokali uku. Likitan ya ja Benson gefe ya ce, "Baba, in ba ta fara cin wani abu ba, ban ba ku fiye da sati biyu ba."

Me ba su gwada ba? Kunu, shayi, fate, romo. Patience, wadda ta baro aikinta a Kudenda ta dawo jinya, ta nemo kiɗan Bulgariya a waya ta kara mata a kunne, Donka ta juya fuska bango. Benson ya tatso Belka ya kawo. Belka ita ce farar akuyar Donka, uwar garke, wadda take yi wa magana kamar mutum, take kuma rantsuwa ko a ido rufe za ta gane nononta cikin nonon awaki goma. Nonon ya bi gefen bakinta ya jiƙa matashi.

Rana ta huɗu bayan maganar likita, don rashin abin yi, Benson ya jawo tsumman nan daga ƙarƙashin gado. Ya ɗauki sarewar ita kaɗai ya sa a baki, ya busa waƙar da Petko kan buɗe fili da ita. Yana cikin busawa ya ga babban yatsan ƙafarta ya motsa a ƙarƙashin zane. Gajere, gajere, dogo. Numfashinsa ya ƙare, ya tsaya ya ja iska, sautin ya yanke, yatsan ya tsaya. Ya sake, haka. Ya sake har sau goma, har jiri ya ɗebe shi. Duk sanda sautin ya yanke sai ta koma inda ta fito. Waƙar ba a yi ta don ta yanke ba, sai da fata.

Bai gaya wa kowa ba sai Patience. Kunya yake ji a ce matarsa na mutuwa shi kuma yana neman abin busa. Ya kira Malam Ɗanjuma na Makera, tsohon abokin aikinsa a sashen rini, wanda ya koma fawar gidansu da masaƙa ta rufe. Awaki uku ne a turken: Belka da 'ya'yanta biyu da suka tasa.

Ɗanjuma ya iso da safe da wuƙaƙensa a buhu. Benson ya yi masa bayani: a yanka can sama kusa da muƙamuƙi don wuya ya yi tsawo, a buɗe ta ƙafafun baya kawai, a zare fatar kamar ana tuɓe riga. Ciki kada wuƙa ta taɓa shi.

"Fiɗar salka ke nan," in ji Ɗanjuma. "Kakana na yi. Ni ban taɓa ba, amma na gani."

Ya yi bisimilla ya yanka na farko. Ya tsaga ƙafa ya hura har ɗan akuyan ya kumbura, ya bubbuga shi. Yana aiki yana tambayar jikin Madam, yana ba da labarin wata gwaggonsa da ta yi irin ciwon ta tashi. Bakinsa na labari, hannunsa ya yi abin da ya saba yi sau dubu: wuƙa ta sauka daga ƙirji har mara, tsaf, a miƙe. Su biyun suka tsaya suna kallon tsagar.

"Innalillahi," Ɗanjuma ya ce a hankali. "Bulgariya, wallahi hannun ne."

Benson ya juya. Ya je ya kwanto na biyu.

Wannan karon Ɗanjuma ya buɗe ƙafafun baya, sannan ya miƙa wa Benson wuƙar ya ce ya kai ta ɗaki ya ajiye. Da dunƙulen hannu ya yi sauran aikin, yana cusawa tsakanin fata da nama, gumi na ɗiga daga gemunsa. Awa biyu. Fatar ta fito sukutum, gashi a ciki, ko ƙwarzane babu. Benson ya cuccuɗa ta da gishiri, ya rataye a inuwar rumfar bayan gida. Petko kan ce kwana tara. Benson ya ƙirga kwanakin likita, ya ƙirga na Petko, ya ga da ƙyar za su haɗu.

Kwana biyar yana kwana yana tashi da fatar nan. Da safe ya ƙara gishiri, da rana ya kore ƙudaje, ya shiga ɗaki ya ɗiga wa Donka ruwa, ya fito ya sake shafa fatar. Ita kuwa kullum ƙara shigewa cikin katifa take yi. Zoben aurensu ya fara zamewa daga yatsanta, Patience ta naɗa masa zare.

A rana ta shida ya hau mota zuwa Kakau, ya yanko kara a bakin rafi don yin harshen da ke ba bututu murya, ya samo kakin zuma wurin mai zuma. Da la'asar ya dawo. Tun daga bakin lungu ya ji ƙaurin babbaka.

Talatu ce, maƙwabciyarsu, bazawara mai sayar da abinci, wadda ta fi kowa ƙwazo a layin rawar Donka a da. Ta shigo dubiya, ta tarar Patience ta tafi kemis, sai ta leƙa baya ta ga fatar akuya a rataye cikin gishiri, ƙudaje na bi. Ta ce a ranta, ka ji maza, an yanka dabba don mara lafiya an bar mafi daɗin yana lalacewa. Ta sauke, ta juya gashin waje, ta wanke gishirin tas, ta babbake, ta kankare, ta yanka ƙanana, ta dafa da citta da masoro da kimba. Ga ta nan tsaye a tsakar gida da kwano a rufe, fuska cike da fara'a.

"Baban Patience, na yi wa Mama farfesu. Ya yi laushi, ko ba haƙori za a sha. Wannan in ta ji ƙamshinsa sai ta buɗe baki."

Benson ya buɗe kwanon ya duba. Ya so ya yi ihu, ya so ya kifa mata shi a ka. To, ya ce mata me? Ita ta san ana busa fata? A garin nan fatar akuya in ba ta zama takalmi ko buzu ba, ai miya take zama. Laifinsa ne da ya rufe baki. Ya zauna a kan turmi, kwanon a cinyarsa, ya fashe da kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya da sauti sai girgizar kafaɗa. Da Patience ta dawo ta yi mata bayani, Talatu ta ɗora hannu a ka ta fita ba takalmi.

Sun gwada romon duk da haka. Bai shiga ba.

Saura Belka. Benson ya daɗe tsaye a gaban turken, ita kuma tana tuƙa tana kallonsa. Da sassafe ya tatse ta, ya shiga ɗaki ya durƙusa, ya ce, "Donka, na Belka ne, da ɗuminsa." Ya kai cokali. Haƙoran na nan a datse, nonon ya gangara wuyanta. Ya fito ya watsar da sauran a gindin gwanda, ya kira Ɗanjuma.

Ɗanjuma ya zo, ya ga wadda aka kwanto, ya ja da baya. "Haba, Bulgariya. Wannan ai ta Madam ce. Ga ta da hantsa cike. Bari in je kara gobe in zaɓo maka wata."

"Gobe," in ji Benson. "Shekara goma sha bakwai ina ce mata gobe. Jiya ruwa cokali ɗaya ta sha. Me nonon zai yi min in babu mai sha?"

Patience ta fito ta ce, "Baba, in ta tashi fa ta tambaye ta?"

"Ta tashi ɗin tukuna. Ta tashi ta zage ni, na yarda."

Shi ya riƙe ƙafafun. Ɗanjuma ya yi bisimilla da murya ƙasa-ƙasa. Bai yi labari ba wannan karon, kuma da ya gama ya ƙi karɓar ko tsoka ɗaya, ya wanke hannu ya tafi. Naman aka rarraba wa maƙwabta, domin babu mai iya cinsa a gidan.

Kwana tara babu su. Kwana biyu fatar ta yi a gishiri, a cikin ɗakinsa, a kulle. A rana ta uku ya wanke ta, ya tattare bayan ya ɗaure tam da zare mai kaki, ya ɗaura bututu uku a wuya da ƙafafun gaba. Ɗanya ce, tana wari, tana yoyon iska a ɗauri ɗaya. Ya kwance ya sake, ya sake, har zaren ya yanka masa yatsa. Da Petko ya ga wannan aiki, da ya kore shi daga ƙauyen.

Bayan azahar ya ce wa Patience ta buɗe akwati. Ta sa wa uwarta farar rigar mai jan ɗinki, wadda yanzu mutum biyu irinta za su shiga ciki, ta ɗora mata zanen gaba, ta ajiye ɗamarar azurfa a cinyarta don ta yi nauyi a ɗaura. Suka jingina ta da matasai, bayanta na ga tagar da ke kallon turke. Talatu na raɓe a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa tafiya.

Benson ya hura. Ƙirjin ɗan shekara sittin da shida ba na wasa da iska ba ne, sai da idonsa ya yi ja kafin fatar ta cika. Ya matse. Dogon bututun ya yi tari, ya yi kukan jaki, sannan ya kama gurnani ya riƙe. Yatsunsa sun sandare da riƙon sifana, ya ɓata farkon waƙar sau biyu. A na uku ta zauna. Sautin ya cika ɗakin, ya fita lungu, bai yanke ba.

Yatsan ƙafar ya motsa. Gajere, gajere, dogo. Sai diddige. Sai hannun da ke da lafiya ya tashi daga kan zane yana lalube a iska. Patience ta rasa abin da ake nema, Talatu ce ta gane, ta kwance hankicinta ta shigo da sauri ta sa mata a hannu. Hankicin ya kaɗa, kaɗan, daidai kan dogon bugu. Idanun Donka suka bar bango, suka bi sautin, suka sauka a kan mai busa, suka tsaya.

"Benko."

Duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka. Ya saki bututun hurawa daga baki, hammata na ci gaba da aiki. "Na'am."

Maganar ta fito a karkace, ta gefen baki, amma Hausar kasuwar Kakuri ce. "Ka gyara."

"Na gyara."

"Sai da na... kwanta."

"Ki yafe min."

Ta lumshe ido, hankicin na kaɗawa. Hawaye na bin fuskar Patience ba ta share ba. Can Donka ta motsa leɓe, ta haɗiye yawu da ƙyar, ta ce, "Yunwa."

Patience ta zabura ta ɗauko kunun da ke cikin fulas tun safe, ta kai cokali. Donka ta shinshina, ta kau da kai.

"Ba wannan ba. Benko, tatso min Belka. Da ɗuminsa."

Babu wanda ya motsa. Fatar Belka na hammatar Benson, ɗanya, tana jiƙa masa riga. Ya mayar da bututun baki ya hura, domin iska ta fara raguwa, kuma ya san in sautin ya yanke tafiya za ta yi. Ya kalli Patience ta saman sarewar. Ta ɗauki kofi ta fita. Ta tagar ya hango ta ta wuce turken da igiya uku ke kwance a ƙasa, ta buɗe ƙofar gida, ta tsaya a lungu tana duban dama da hagu. Duk Nasarawa babu mai tatsar akuya sai gidan Donka.

"Benko," in ji ta, kanta a karkace kamar mai saurare. "Ban ji kukanta ba. In ta ji muryata takan yi kuka."

Benson ya ƙara matse fatar da gwiwar hannu don sautin ya ƙaru, ya koma farkon waƙar.